Kabari a Lambun Goggonnin Ganye

Asabar, 3 ga Rabi'u Sani, 745 Hijira, birnin Zaitun na bakin teku

Idan wata rana takardun nan suka faɗa hannun wani, ya yi mini afuwa. Ba don shi na rubuta ba, ba kuma abin da zai ƙaru da shi. Damuwar mace ce da ba ta da wanda za ta gaya wa tun da Malam ya rasu.

Tarin Liyan ya canza. Ta bayan katanga nake jin sa. Da can busasshe ne, yanzu kamar ana jan guga a rijiya mai laka. Ina cikin biya wa yara karatu sai da na tsaya.

Da yaran suka tashi, Goggo Giyok ta hau turminta ta leƙo ta kan katanga kamar yadda ta saba. Ita ce babba a gidan maƙwabtana. Ta ce, "Ƙanwata mai carbi, ɗalibarki tana tambayar ki." Na ce ina gaishe ta, in sha Allahu zan shigo. Ta ce, "Wannan in sha Allahun naki na san shi, ya kusa girme ni."

Bari in jera abin ko zan ga kansa. Liyan 'yar masu gasa tangaran ce daga kan tudu. Hoja Nasiru mai jirgi ya aure ta, ta musulunta, ni na koya mata tun daga alifi har ta kai Sabbi. Jirginsa ya tafi bai dawo ba. Ba ta haihu ba, sai wansa Hoja Sharafu ya karɓi gidan. Mutanen ƙasar nan kuma 'yar da ta yi aure ruwa ce da aka zubar, ba ta komawa tulu. Ƙofar da ta buɗe mata ita ce ta maƙwabtana, goggonnin ganye. Haka gari yake kiran su don ba sa cin nama. Ba su aske kai kamar masu ibadar babban haikali ba, ba kuma miji a kansu. Suna saƙa, suna noma lambunsu, suna bautar abin da suke bauta.

Ban taɓa taka gidan ba. Gunkinsu a zaure yake, ba hanya sai ta gabansa. Igiyar rijiya ce ta haɗa mu, da reshen bishiyarsu mai 'ya'ya, longan, da ya ƙetaro, da kwano. Duk ranar bikinsu Goggo za ta ɗora mini kwanon awara a kan katanga. In karɓa da godiya, in zuba wa kaji, don abin da aka kai gaban gunki ba na ci. In mayar da kwanon da dabino. Ina jin ta sani. Ba ta taɓa cewa komai ba.

Litinin, 5 ga wata

Na je wurin Liman Mu'inu. Tunda ni nake wanke matanmu in sun rasu, gara in san matsayina tun da wuri. Na tarar da Hoja Sharafu a zauren, da ma na san ba sa'a na taka ba.

Ko rufe baki ban yi ba Hoja ya ce, "Wace Liyan? Wadda ta koma gidan gumaka? Ai ta zaɓa. Su ƙona kayarsu." Haka suke yi, ƙonawa, sai a zuba toka a tulu.

Liman ya ce a hankali, "Hoja, yunwa ce ta kai ta, ba mu san zuciyarta ba." Hoja ya ce filin da ke kan tudun gabas kakansu ne ya saya, ba za a kwantar da mai turaren tsinke kusa da uwarsa ba. Liman ya juyo wurina. Ya ce, "Malama, shaida ɗaya ta ishe ni. In wani ya ce ya ga ba ta bar salla ba, ni zan tsaya a kanta, Hoja kuma ba zai ƙi ba a gaban jama'a. Ko ba haka ba, Hoja?" Hoja ya ce in an samu.

Duk suka zuba mini ido. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, wa zai sani in ba ni ba?

Laraba, 7 ga wata

Astagfirullah, yau na yi leƙe. Akwai tsaga a katanga inda saiwar longan ta ture bulo. Da la'asar na sa ido.

Na ga Liyan. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Mata biyu suka riƙo ta zuwa tsakar gida, ta zuba ruwa a hannu da fuska, aka shimfiɗa mata tabarma. Ta fuskanci yamma. Ta sunkuya, ta kai goshi ƙasa. Wallahi sai da na ce Alhamdu lillahi a fili, har kaza ta firgita.

Sai aka buga ƙwaryar katakon da suke kiran ibada da ita. Sauran suka fito ɗaya bayan ɗaya suka jera a gefenta. Yamma. Dukansu. Suka sunkuya, suka kai goshi ƙasa.

Na manta ne, ko kuwa so na yi in manta. Goggo ta taɓa gaya mini a bakin rijiya cewa ƙasar ni'imarsu tana can inda rana take faɗuwa, shi ya sa suke kallon can. Mu ma daga Zaitun alƙiblarmu can take. Har muka yi dariya a lokacin.

Leɓen Liyan yana motsi. Daga tsaga ba a jin komai.

Alhamis, 8 ga wata

Goggo ta kama ni. Ta ce, "Jiya na ga wani ido a katangata, na ce ko ƙadangare ne ya koyi sa kwalli." Kunya kamar in nutse. Na gaya mata gaskiya, har maganar Liman.

Ta ce, "To ki zo ki tambaye ta mana. Ƙofa a buɗe take, ba kare a gidan, kuma wanda kike tsoro a zaure ba ya cizo, itace ne." Na ce, "Goggo, ke ba ki sani ba? Tana salla?" Ta ce, "Ni ba na tambaya. Mace in ta shigo gidan nan ba ma ce mata me ya koro ki, ba ma ce mata wa kike kira. Mu ba ta tabarma da masaƙa."

Na ce zan zo. Amma watansu na bakwai ne, watan da suke ciyar da matattu masu yunwa. Gidan cike yake da hayaƙin turare, ana ƙona kuɗin takarda, tebura jere da abinci har bakin ƙofa. Na ce a bari babbar ranar ta wuce, a kwashe kayan, sai in shigo da zuciya ɗaya.

Ta dube ni. Ta sauka daga turmin.

Lahadi, 11 ga wata

Kasuwar ƙofar kudu. Zafi kamar a tukunya, jiragen duk suna jiran iska.

Mai kifi ya ce, "Malama, maƙwabtanki har yanzu ba su gane daɗin duniya ba? Ki ce wa tsohuwar in ta ɗanɗana wutsiya ɗaya ba zan gaya wa gunkinta ba." Matar wani masaƙi da ke tsaye ta karɓe, wai sun karya musu farashi, suna saƙa ba haya ba 'ya'ya. Ta ce, "Jemagu ne. Ba su aske ba balle a ce masu ibada, ba su yi aure ba balle a ce mata. Ko manyan haikali ba su san da su ba."

Na ɗauki kwandona na wuce. Bara da zazzaɓi ya shiga gidanta kowa ya gudu, Goggo Giyok ce ta zauna a kan uwarta har ta cika. Haka garin nan yake da su. In mutuwa ta zo a aika a kira su da gudu, in biki ne a ce kada su taɓa amarya.

A hanya na tuna ni ma rabon da a zaunar da ni kusa da amarya tun da na fara wankan gawa.

Talata, 13 ga wata

Na dafa wa Liyan kunun shinkafa da citta na miƙa ta kan katanga. Goggo Abi mai girkinsu ta karɓa. Ta ce, "Ta sha cokali biyu. Ta ce hannunki ne, ta gane." Ta ce kuma, "Kunu ya san hanya, mai kunu ba ta sani ba."

Gobe babbar ranarsu. Jibi zan shiga. Na fitar da mayafina.

Alhamis, 15 ga wata

Masaƙa ba ta yi ƙara ba da safen nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Juma'a, 16 ga wata

Zan rubuta duka kafin zuciya ta fara gyara mini shi.

Jiya ina sanye da mayafina, sai Goggo ta buga ƙofata. Karo na farko da ta zagayo ta ƙofa. Ta ce, "Ta tafi da fitowar rana. Ta ce kada a ƙona ta. Na yi mata alkawari, mu kuma ba ma ƙarya ko ga mai mutuwa. Amma kin ga zafin nan, ba za ta jira ba."

Na shiga. Na sunkuyar da kai na wuce zauren, ban ga komai ba sai ƙafafuna. 'Yan taku ne. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, ashe 'yan taku ne.

Ɗakin Liyan ba komai sai tabarma, da buta, da tsefe. Na dubi tabarmar, yamma take kallo. Na leƙa ɗakin kusa, ita ma haka. Na tambayi Goggo me take faɗa in ta sunkuya. Ta ce, "Ƙus-ƙus take yi. Kunnena ɗaya ya mutu, ɗayan kuma bai san yarenku ba." Na ce sau nawa a yini. Ta ce, "In an buga ƙwarya tana fitowa tare da mu. Wani lokaci kuma ita kaɗai. Ban ƙirga ba." Na ɗaga zane na dubi gwiwoyinta, sun yi kanta baƙi ƙirin. Goggo ta ga abin da nake nema, sai ta ja wandonta ta nuna mini nata. Iri ɗaya.

Na ce, "Goggo, don Allah, ke a ganinki?" Ta ce, "In na ce miki eh, na yi ƙarya. In na ce a'a, na yi ƙarya. Ke kika koya mata. Da kin zauna kusa da bakinta numfashi ɗaya ya ishe ki."

Bayan azahar na tafi wurin Liman. An kira Hoja Sharafu, da dattawa. Liman ya ce, "Malama, kin gan ta da idonki?" Na ce na gani. Ya ce, "Ta fuskanci alƙibla ta kai goshi ƙasa?" Na ce ta fuskanci yamma. Ya ce, "Ai yamma ce alƙiblarmu," yana kallona kamar mai roƙo. Na ce, "Allah gafarta Malam, su ma can suke kallo. Tare suka sunkuya. Ban ji abin da ta ce ba."

Hoja ya bugi cinya. "Kun ji! Daga bakin malamarta!"

Liman ya rako ni bakin ƙofa. Ya ce, "Tambaya ɗaya na yi miki, 'yata, da ita kaɗai kika amsa." Na ce na ji tsoron ranar da gaɓoɓi za su yi magana. Ya ce shi a wurinsa Musulma ce, ba a fitar da mutum daga addini da zato, amma ƙasa ta su Hoja ce, kuma ba wanda zai ɗauki makara in ya hana, duk a jiragensa suke ci. Ya shiga ya fito da farin ƙyalle da ƙullin kafur ya ba ni. Na ce ko zai zo. Ya ce ƙafarsa tana damun sa.

Ba faɗin gaskiya nake nadama ba. Nadamata ita ce gaskiyar da nake da ita 'yar ƙarama ce, kuma ni na bar ta ƙarama.

Na koma na gaya wa Goggo ba wuri. Ta dubi lambu. Can ta ce, "Abi, ɗauko fartanya." Ta nufi lambu, wajen tudu inda ruwa ba ya kwanciya, ta fara tuge wake. Goggo Abi ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Goggo, waken nan saura kaɗan ya nuna! Shi za mu ci har sanyi!" Ta ce, "Sai ki ci gwaza, da ma kin yi ƙiba."

Na wanke ta da ganyen magarya da kafur. Su suka jawo ruwa, Goggo ta riƙe mini zanen da na rufe ta da shi, ta kau da kai yadda na ce. Gashin Liyan har gadon baya. Na kitse shi gida uku. Goggo ta ce, "Kin ga amfanin rashin aski."

Yau da safe muka sa ta. Su suka haƙa, tsofaffi da hannuwan saƙa. Na nuna musu yadda ake ƙaramin rami a gefe, na ce a kan hannun dama za ta kwanta, fuskarta ga yamma. Goggo ta ce, "Can ɗin dai. Ba sai kin nuna mana ba."

Ba namiji ko ɗaya. Malam ya taɓa karanta mini cewa in ba maza mace tana iya yi, sai na tsaya ni kaɗai na yi kabbara huɗu. A ta biyu na ji motsin tufafi a bayana. Ban juya ba, amma rana tana bayanmu, sai na ga inuwoyinsu sun faɗo gabana a jere har kan likkafanin. Ba wadda ta buga ƙwarya, ba wadda ta kunna turare. Ban san abin da suke faɗa a zuci ba. Ban san hukuncin wannan sahun ba. Allahu a'alamu.

Da aka gama na ce wa Goggo Allah Ya saka. Ta kaɗe ƙasa daga hannunta ta ce, "Duk sanda aka taɓa ƙofa sai Liyan ta ɗaga kai, ko ke ce." Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mini haka ba?" Ta ce, "Na ce miki tana tambayar ki. Da wane yare kuma zan faɗa?"

Talata, 20 ga wata

Matar Hoja ta janye 'ya'yanta daga karatu, wai na yi salla a gidan gumaka. Wasu sun bi ta. Waɗanda suka rage na biya musu Alam nashraha, na kasa ƙarasawa.

Goggo ba ta hau turmi ba tun ranar.

Juma'a, 1 ga Jimada Ula

Na je ziyara. Ba hanya zuwa lambun sai ta zauren, ba ni na gina gidan ba. Na sunkuyar da kai na wuce.

Wani ya jera duwatsu a gefen kabarin don kada ruwan sama ya cinye shi. Na karanta abin da ya sauwaƙa. Goggo tana kan masaƙa, na gaishe ta, ta amsa da kai.

Litinin, 4 ga wata

Guguwar teku. Reshen longan ya karye ya faɗo a gefena. Na tsince 'ya'yan, ban san wa zan miƙa wa ba.

Asabar, 9 ga wata

Na sake zuwa, ko da yake ba Juma'a ba ce. Ciyawa ta taso a kan kabarin, daga nan hannuna ya zarce kunyar gwaza. Ba wani abu ba ne, ciyawa ciyawa ce.

Akwai wata tsohuwa a ɗakin ƙarshe, ba ta iya juyawa da kanta. Na taya su juya ta. Ta riƙe mini yatsa ta ƙi saki, sai na zauna. Ban tambaye ta wa take kira ba.

Laraba, 13 ga wata

Yau bikinsu na cikar wata. Kowace shekara kafin hantsi kwano yana kan katanga. Yau ba komai sai ganye.

Na haɗu da Goggo Abi a rijiya. Ban san abin da ya ja bakina ba, na ce ko zai yiwu wata rana a ɗebi awarar daga tukunya kafin a kai ta zaure. Tambaya ce kawai, don sani. Ta saki igiya ta dube ni. Ta ce, "Ke Malama! Ai naki kullum daga tukunya ake ɗiba. Goggo da kanta take zuwa da kwano kafin a kai komai gaba, ta ce ƙanwata ba ta cin abin da aka miƙa. Tun ranar farko." Na ce ban sani ba. Ta ce, "Kin tambaya? Kajinki dai sun sani, kin ga yadda suke sheƙi."

Na dawo na zauna a bakin ƙofa har inuwa ta juya. Da na sani ƙeya ce.

Na wanke kwanona mai shuɗin baki, na zuba sauran dabinon da 'ya'yan longan, na hau kujera na ɗora a kan katanga. Ba wai na yanke wani abu ba ne. Maƙwabtaka ce, an yi mana wasiyya da ita.

Har yanzu yana nan ba a taɓa ba. Ina jin masaƙarta, na san ta gani. Na kulle kajin a akurki.

Goggo, don Allah ki amsa da wuri.